Jimla ɗaya ta Sifaniyanci wadda Hausa ta warware mini

Lokacin da na fara koyon Sifaniyanci a nan Yamai, ta Faransanci nake bi, kamar yawancin waɗanda suka yi lakkwal a Nijar. Wannan hanya ta yi mini amfani wajen kalmomi, amma ta sa na daɗe ina tuntuɓe a kan jimlar nan: «Mi hermana es maestra y hoy está en el mercado», wato «Ƴar'uwata malama ce, kuma yau tana kasuwa».

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne aikatau biyu, es da está, waɗanda suka fito daga ser da estar, alhali Faransanci être kaɗai yake da shi a gurbinsu. Ranar da na mayar da jimlar Hausa sai na ga ashe mu ma muna rarrabewa, domin babu Bahaushen da zai ce «ƴar'uwata kasuwa ce» idan yana nufin wurin da take. Inda muke sa «ne» ko «ce» don faɗin asalin mutum ko sana'arsa, galibi ser ne yake zuwa. Inda muke cewa «tana» wuri kaza, ko «a gajiye nake», estar ne, shi ya sa ake cewa estoy cansado. Sau da yawa ana koyar da cewa estar na abin da ba ya ɗorewa ne, kuma a ganina wannan bayani gurgu ne, tunda ana cewa «Tahoua está en Níger», ga shi kuwa Tawa ba ta shirin tashi daga inda take.

Jinsi ma bai zo mini a baƙo ba, saboda sunayen mata a Hausa da Sifaniyanci sun fi ƙarewa da wasalin a, kamar hermana da maestra. Sai dai kada a saki jiki: kasuwa mace ce a wurinmu, amma el mercado namiji ne, haka kuma el día, wato «rana», duk da a ɗin da ke ƙarshensa.

A rabi na biyu na jimlar ba a sa wakilin suna ella, wato «ita», ba, don siffar aikatau ta riga ta nuna cewa a kan mutum na uku ake magana, ko da yake está ba ya bayyana mace ko namiji yadda «tana» da «yana» suke yi. Harafin h kuwa ba a furta shi, saboda haka hermana «ermana» ake cewa, hoy kuma «oi».