Kwaɗon sito da zaren Umma

Asabar, Tudun Wada.

Ƙarfe goma muka tsayar don bitar jarrabawa, amma sai wajen sha ɗaya da rabi muka cika. 'Yar Kawo ce ta fara sallama, jakarta shaƙe da takardun tambayoyin WAEC na shekarun baya. 'Yar Rigasa ta shigo daga baya tana huci, wai mai keken da ta hau babu kwanar da bai tsaya neman fasinja ba. Ga ni, ga 'yar Goggo da take zaune a gidanmu tun farkon zangon nan, mu huɗu ke nan. Umma ta bar mana barandar baya, ta kora yara maƙwabta, sannan ta ce muddin ta ji hirar anko ko ta fim ta tashi daga wajen, da kanta za ta zo ta watsa taron.

Firaktikal ɗin fiziks ne a gabanmu, kuma shi ya fi tsaya mana a rai. Objektif tambaya 50 ce, ko ba komai ga amsoshi a jere a gaban mutum. Tiyori ma wanda ya riƙe fomula ba zai tashi a tutar babu ba. Firaktikal fa? Tambaya uku ake kawowa a zaɓi biyu, yawanci ɗaya a kan motsi da nauyi, ɗaya a kan haske, ɗaya a kan lantarki, kuma da hannunsa mutum zai auna, ya cika tebur, ya zana giraf. A makarantarmu kayan gwajin ba sa isar kowa. Malam ne yake yi a gaban aji, mu kuma muna leƙe ta kan kafaɗun juna, wanda ke baya sai dai ya kwafi lambobi a littafin na gaba.

'Yar Rigasa wajen hadda ba a magana. Dokokin Newton guda uku ta zubo mana su tiryan-tiryan kamar mai karatu a musabaƙa, ko waƙafi ba ta tsallake ba. Ta ɗora da fomular fendulum, wato ƙwallon da ke lilo a jikin zare: T = 2π√(l/g), T lokacin lilo ɗaya, l tsawon zare, g jan ƙasa. Sai 'yar Kawo, wadda ba ta cika magana ba sai in za ta ƙure mutum, ta ce, "To ƙawata, in aka cire ƙwallon aka sa wanda ya fi shi nauyi, lokacin lilon zai ƙaru ko zai ragu?"

"Raguwa zai yi mana. Mai nauyi ai ya fi saurin gangarowa."

"Nuna min inda nauyi yake a fomular da kika karanta yanzu."

Ta duba, ta sake dubawa. Tsawon zare yana nan, jan ƙasa yana nan, nauyi babu shi. Amma ta ƙi sauka. Ta ce takarda daban, ido daban, ita dai ba za ta yarda cewa dutse da ƙwallon goriba lilonsu ɗaya ba. Aka fara musu, murya ta fara tashi.

'Yar Goggo ba ta ce uffan ba, ta miƙe ta shige ɗaki. Sai ga ta da zare mai kauri daga cikin kayan ɗinkin Umma, da tef ɗin awo, da kwaɗo biyu: ƙaton nan na ƙofar sito da ɗan ƙaramin na akwatin makarantarta. Ta taka kujera ta ɗaura zaren a ƙusar da ake maƙala igiyar shanya. Ta ce, "Gani ya kori ji. Ku zo mu gwada."

Abin da ya ci mana kusan awa biyu ke nan, kuma ban ga asarar minti ɗaya a ciki ba. Awon tsawo ma sai da aka yi gardama a kansa. Daga ƙusa zuwa ina? Zuwa inda zare ya ƙare, ko zuwa gindin kwaɗon? 'Yar Kawo ta ce zuwa tsakiyarsa, domin nan ne ake ɗauka nauyin ya tattaru. Muka daidaita santimita 100 da ƙaramin kwaɗon. Ni ke riƙe da agogon waya, 'yar Rigasa ke ƙirga, zuwa da dawowa shi ne lilo ɗaya, sai an yi 20. Dalilin 20 ɗin ma yau na ji shi a yatsana: tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akwai ɗan jinkiri, in lilo ɗaya aka auna jinkirin zai ɓata awon gaba ɗaya, in kuwa 20 ne sai ya rarrabu ya zama ba komai ba.

Karon farko muka samu daƙiƙa 38 da ɗoriya. 'Yar Kawo ta danna kalkuleta ta girgiza kai, ta ce zare mai tsawon mita ɗaya daƙiƙa 2 ya kamata ya ci a kowane lilo, wato 40 a jimlace. Ina biyun suka tafi? Muka sake, ita kuma ta zuba ido a bakin mai ƙirga. Ashe da an saki kwaɗon sai 'yar Rigasa ta ce "ɗaya", alhali bai je ko'ina ba tukuna. Lilo 19 take ƙirgawa. Da ta fara daga sifili sai ga 40.3. Aka kwance ƙaramin aka ɗaura ƙaton na sito, aka gyara zaren ya koma 100 cif har tsakiyarsa: 40.1. Ta ce a sake. Aka sake. Ta karɓi wayar da kanta ta auna. Daga ƙarshe ta zauna a tabarma ta ce, "Ikon Allah. Shekara uku ina rubuta wannan abu." Babu wadda ta yi mata dariya, don duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Daga nan muka rage zaren zuwa 80, 60, 40. A 40 lilo 20 bai wuce daƙiƙa 25 da rabi ba. Mun ga abubuwan da ake sa mu haddace a matsayin matakan kiyayewa suna faruwa a gabanmu: in aka ja kwaɗon da nisa sosai lissafin yana kaucewa, in aka sake shi a karkace sai ya riƙa zagaye maimakon kai da komo, iska kuma in ta kaɗo sai an jira ta lafa. Kowa ta zana giraf ɗinta, T² a tsaye, tsawo a kwance. Ɗigogin suka jeru kusan a layi ɗaya. Na fitar da gangaren layin da babban alwatika yadda malam ke nanatawa, na raba 4π² da shi, na samu 9.6. Littafi 9.8 ya ce. Da kwaɗo da zaren ɗinki, a barandar gidanmu! Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Ana cikin haka Umma ta leƙo da tiren ɗanwake. Ta kalli ƙusa, ta kalle mu. "Wato kwaɗon sitona ne ya zama abin lilo? In yaran nan suka dawo suka kwashe min sukari ku za ku biya." Amma ba ta tafi ba, ta tsaya tana kallo. Can ta ce mahaifinsu yana da agogon bango mai irin wannan abin a cikinsa, in ya fara latti sai ya buɗe ya murɗa wani ɗan noti a ƙasa, faifan ya ɗan hau sama. Muka kalli juna. Ai tsawon yake ragewa don lilon ya ƙara sauri. Irin agogon da Huygens, mutumin Holan, ya ƙirƙiro a 1656 ke nan, yana cikin littafinmu, kuma ashe Kaka yana aiki da fomular ba tare da ya taɓa zama ajin fiziks ba. 'Yar Kawo ta zaro wata tsohuwar tambaya: in aka kai agogon duniyar wata fa? Jan can kusan kashi ɗaya cikin shida ne na nan, don haka lilon zai yi nawa, agogon ya riƙa latti. 'Yar Rigasa ce ta amsa, kuma ba daga hadda ba.

Bayan Azahar muka bi ta kan haske a gurguje. Ma'aunin karyewar haske a gilashi 1.5, a ruwa kusan 1.33; a gwajin bulon gilashi kuma a nisanta allurai da juna, a tsayar da su tsaye, a duba gindinsu ba kansu ba. Ba mu da bulon gilashi, sai muka bar shi a baki.

Wajen nan ne saƙo ya shigo wayar 'yar Goggo a wani zauren WhatsApp, wai a turo kuɗi a samu amsoshi da daddare kafin jarrabawa. Kowace shekara sai sun fito. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne firaktikal ma wai da amsarsa. Lambobin wani a kan kayan awon wani, ranar kuma a canja tsawo ɗaya a cikin tambayar, mutum ya zauna yana kallon silin. Ga haɗarin a riƙe sakamakon mutum bayan iyaye sun biya kuɗin rajista da ƙyar. Ta goge ta fita daga zauren.

Yaya ya dawo bayan La'asar. Shi lantarki yake karanta a Kaduna Polytechnic, kuma ba ya son a ce ya koyar, sai an haɗa da lallashi da kofin zoɓo. Na ce, "Yaya, don Allah taransifoma kawai, minti goma." Bai taɓa littafi ba. Ya tambaye mu me ya sa wutar da ake samarwa a madatsar Shiroro, can jihar Neja a kan kogin Kaduna, sai an ɗaga ta zuwa bolt 330,000 kafin a turo ta tashar Mando, alhali a gida 240 ko ƙasa da haka muke buƙata. Muka yi tsuru-tsuru. Ya rubuta I²R a bayan kwalin ashana, I kwararar wuta, R turjiyar waya. Waya tana ɗumama, ɗumin nan asara ne, kuma da yawan kwararar wutar yake tafiya, ninki a kan ninki. In aka ɗaga bolt sau goma, kwararar za ta ragu sau goma, asarar kuma ta ragu sau ɗari. Sai a riƙa saukowa mataki-mataki, 132,000, 33,000, 11,000, har taransifomar bakin layinmu. Ya ce kuma ba ta aiki da wutar batir, sai mai juyawa, wadda a Najeriya take zagaye 50 a daƙiƙa guda, domin naɗin waya biyu ne a cikinta, kuma sai maganaɗisu yana canjawa yake haifar da wuta a ɗaya naɗin, abin da Faraday ya gano a 1831. Minti goman ta zama arba'in. Har tsuntsun da ke tsayawa a kan waya bai mutu ba sai da aka tattauna.

Hadari ne ya tashe mu. Gabas ta yi baƙi ƙirin, aka ɗauke wuta, iska ta fara kwasar takardu. Da aka yi walƙiya 'yar Rigasa ta hau ƙirga da ƙarfi, daga sifili, ta kai shida kafin tsawar ta iso. Sauti mita 340 yake ci a daƙiƙa, ta ce kilomita biyu ke nan, gara ta kama hanya. Umma ta ɗaure musu sauran ɗanwaken a leda, ta ce, "Yayansu, raka su titi, ka ga sun hau kafin ka dawo."

Yanzu da fitilar sola nake rubutu. Lantarkin firaktikal ba mu taɓa shi da hannu ba, Yaya ya ce zai aro mita da batir wajen abokinsa zuwa Litinin. Zafi da rediyo'aktibiti ma suna nan ba a buɗe su ba. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Kasuwar Bacci in sayo rula mai gani-har-hanji da fensir biyu, tawa rular lambobinta sun goge daga 20 zuwa sama.