Makonni shida da kwalbar malta ta cinye mini

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah ta 2024 na hau sikeli a wani kantin magani kusa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ya nuna kilo 104. Tun kafin azumi likita ya gaya mini cewa jinina ya fara hawa, ga gwiwoyina kuma suna ciwo duk lokacin da zan tashi daga sujada. Sai muka yanke shawara, ni da abokin aikina da muka shekara tara a ofis ɗaya, mu bi tsarin nan na rage ƙiba na tsohon likitan Faransa Pierre Dukan, wanda a matakinsa na farko ba a cin komai sai abinci mai furotin, wato nama marar kitse da kifi da ƙwai da nonon da aka cire wa mai, daga baya a shigo da ganye. Babu tuwo, babu shinkafa, babu burodi, babu sukari, babu giya.

A Garwa wannan ba abu ne mai wuya ba, domin naman shanu ba ya yankewa a kasuwa, kifin Binuwai da na madatsar Lagdo kuma yana zuwa kullum. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne barin sukari a shayi, amma na bari. Cikin kwana goma na farko kilo huɗu suka tafi, har mutanen unguwa suka fara tambaya ko lafiya.

Kuskuren ya shigo ne ta ƙofar da ban taɓa zato ba. Duk wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san zafin da ke haura digiri 40, irin wanda ko bayan faɗuwar rana bangon ɗaki yake huci. Wata rana na dawo daga sallar Magariba maƙogwarona a bushe, na tsaya wurin mai shagon bakin layinmu na sha malta mai sanyi, na ji kamar an zuba mini ruwa a zuciya. Washegari na sake, bayan mako guda ta zama kwalba biyu kowane dare, har na sa aka kawo mini kiret guda gida. Ko sau ɗaya ban ɗauke ta a matsayin karya doka ba. Tun muna yara ita ake kai wa maras lafiya a asibiti da mai jego, a haɗa da madara a ce tana ƙara jini, kuma an rubuta a jikinta cewa babu barasa. A tunanina lemun kwalba ne ke ɗauke da sukari, giya kuma ke kawo tumbi, ita kuwa malta abinci ce mai gina jiki.

Daga nan sikeli ya tsaya. Makonni shida cif ina yawo tsakanin kilo 100 da 101. Na rage naman da nake ci, na ƙara tafiyar asuba ina zagaya filin wasa na Rumde Ajiya kafin rana ta ɗaga, na kwana da yunwa ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi damuna har yau shi ne na ɗora wa matata laifi, na ce tana zuba mai a gashin kifi a ɓoye don tausayina. Ta ce, “Maigida, wallahi ko ɗigo ban sa ba, in kana so ka zauna ka ga yadda nake gasawa.” Ban yarda ba, kuma kwana biyu muna zaman doya da manja a kan abin da ba ta aikata ba, alhali kiret ɗin yana nan a kusurwar falo kowa na ganinsa.

Abokin aikina Kirista ne daga kudu, kuma yakan sha giya a ƙarshen mako. Shi ma nauyinsa ya tsaya, ni kuwa ina ta yi masa faɗa cewa giyarsa ce ta hana shi ci gaba. Gaskiyar masu magana ce da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wani ɗan'uwansa ya kawo masa wata irin giya daga Duwala wadda aka ce an rage mata sitaci, ya zo gidana ranar Asabar yana murna cewa ya sami mafita, tunda sitaci ne tsarin ya hana, wannan kuwa kusan babu shi a ciki. Aka yi dace ɗan ƙanwata, wanda ma'aikacin jinya ne, ya zo gaishe ni, sai muka sa shi alƙalanci.

Ya karɓi takarda da biro ya yi mana lissafin kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Gram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, na furotin ma 4 ne, na mai 9, na barasa kuwa 7, wato ta fi kusa da mai. Babbar kwalbar da ake sha a Kamaru santilita 65 ce. Idan barasar ciki kashi 4 cikin ɗari ce, to akwai kimanin gram 20 na barasa a kwalba, kalori 140 da ɗoriya ke nan tun kafin a ƙirga ɗan sitacin da ya rage. Kwalba biyu sun kai ƙwai huɗu a kalori, sai dai ƙwai huɗu za su ba mutum furotin gram 24 ko fiye su riƙe masa ciki, giyar kuwa kusan ba ta ba shi komai. Ya ƙara da cewa jiki ba shi da rumbun ajiye barasa, don haka hanta takan ajiye sauran ayyuka ta fara da ita, ƙona kitse ya ja baya har sai ta gama. Bayan haka kuma ga yunwar da take tayarwa, ta kai mutum gaban mai tsire da ƙarfe goma na dare.

Ina gyaɗa kai cikin gamsuwa sai na ga ya ɗauki kwalbar maltar da ke gabana ya juya bayanta. Ya ce, “Kawu, wannan nawa kake sha a rana?” Na ce biyu, kuma babu barasa a ciki. Ya nuna mini layin da aka rubuta “glucides”, wato sitaci da sukari da Faransanci, wanda ban taɓa karantawa ba duk da cewa aikina lissafi ne. Kimanin gram 13 a kowane mililita 100, kwalbar kuma santilita 33 ce, wato sama da gram 40 a kwalba ɗaya, sama da 80 a biyu, mafi yawansa sukari. Ƙaramin cokalin shayi gram 4 yake ɗauka. Ashe ni da na haramta wa kaina cokali biyu a kofin shayi, kusan cokali ashirin nake kwankwaɗa kowane dare bayan Magariba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wanda ga mai cin kalori 2000 yake kamawa kusan gram 50, kuma rabin haka ya fi. Wannan ga mai cin abinci yadda aka saba ke nan, balle ni da nake kan tsarin da dukan hikimarsa ita ce a hana jiki sukari har ya koma ƙona kitsensa.

Bayanin da ya zauna mini a kai shi ne na tsiro. Duk mai dama kunun zaƙi ta san cewa hatsi idan ya tsira, sitacinsa yakan koma zaƙi. Malta da giya duk daga tsiron sha'ir suke fitowa. Idan aka zuba yis aka bar shi ya ruɓa, sukarin ya zama barasa, kamar yadda ake yin bilbil, giyar gargajiya, da tsiron dawa a ƙauyukanmu. Giya mai ƙarancin sitaci ita ce wadda aka bar yis ya cinye kusan dukan sukarinta, saboda haka kalorin bai je ko'ina ba, ya dai sauya kama. Malta kuwa ba a bar ta ta ruɓa ba, sukarin yana nan yadda yake, yawanci ma an ƙara wani a kai. Ni da abokina abu ɗaya muke yi, tufka da warwara, kowa da kwalbarsa, kuma a wannan lissafin tawa ta fi tasa ɓarna.

A daren na ba matata haƙuri. Na koma zoɓo, wanda a nan muke kira folere, ana dafa mini shi da citta ba sukari, sai ruwan sanyi da lemun tsami, sai kindirmo kofi ɗaya. Cikin mako na farko kilo biyu suka sauka, amma ɗan ƙanwata ya ja kunnena kada in yi zumuɗi, domin yawancinsu ruwa ne: sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka kowane gram yana riƙe da ruwa kusan gram uku. Bayan haka saukar ta zama a hankali, kusan rabin kilo a mako, har na kai 92 kafin ƙarshen shekara, jinina kuma ya daidaita. Abokina ya bar giya gaba ɗaya wata uku, daga baya ya koma kwalba ɗaya ranar Asabar, yana sane da cewa ranar ba ranar ragewa ba ce.

Wanda zai shiga wannan tsari ya fara zuwa a auna masa ƙoda da sukarin jini, domin yawan furotin nauyi ne ga ƙodar da ba ta da lafiya, kuma ba duk masana abinci ne suka yarda da tsananinsa ba. Ya kula da kilishi ma, saboda labun gyaɗar da ake shafa masa. Amma kafin komai ya rubuta abin da yake sha kamar yadda yake rubuta abin da yake ci, ya kuma juya bayan kowace kwalba ya ninka adadin da girman kwalbar, domin lambar da ake bugawa sau da yawa ta mililita 100 ce kawai. Da na yi haka a daren farko, da ban kashe kuɗin naman makonni shida a banza ba, da kuma ban zargi matata ba.

Watan jiya aka kwantar da gwaggona mai ciwon suga, na je dubiya na tarar da kwalaben malta tara a ƙarƙashin gadonta, duk masu zuwa gaisuwa ne suka kawo don ta sami ƙarfi. Na kira ɗanta waje na nuna masa layin nan na bayan kwalba, muka kwashe su muka kai mota kafin ta farka.