Saƙar Ja da Fari a Kan Tsohon Keken Tsere

Keken da nake magana a kansa tsohon keken tsere ne na ƙarfe, irin mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, wanda na saya a hannun 'yan gwanjo shekara uku da suka wuce. Ranar da na kawo shi gida, robar da aka naɗe kansa da ita ta riga ta ruɓe, tana barin baƙin danƙo a tafin hannu, saboda haka aikin farko da na yi masa shi ne na ɓare ta gaba ɗaya, na goge ƙarfen da kananzir. Niyyata ita ce in sayi baƙin tef in naɗa kamar kowa in huta, sai na ci karo da hoton wani keke da aka saƙa wa ƙyalle ja da fari, launukan suna gittawa juna suna fitar da gidaje masu kusurwa huɗu, irin siffar nan da 'yan karta suke kira zi, a jere tun daga bakin ƙarfen har zuwa tsakiya. Tun daga ranar baƙin tef ya fita daga raina.

Masu sha'awar tsofaffin kekuna a Turai da Amurka suna kiran wannan naɗi Harlequin, sunan da ya samo asali daga Arlekino, wani ɗan kama a wasan kwaikwayon gargajiya na Italiya tun ƙarni na 16. Da farko rigarsa tsumma ce mai faci iri-iri, alamar talauci, daga baya masu ɗinki suka daidaita facin ya koma gidaje masu kusurwa huɗu, kowane da launinsa. Daga rigar ne sunan ya bi duk wani ado mai wannan siffa, har ya iso kan keke.

Darasin farko da na koya shi ne ba kowane tef ne yake karɓar wannan aiki ba. Har zuwa shekarun 1970 ƙyallen auduga marar kauri shi ne abin da 'yan tsere suka sani, kuma da irinsa Eddy Merckx, ɗan Beljiyam ɗin nan da ya ci gasar Tour de France sau biyar tsakanin 1969 da 1974, ya yi zamaninsa. Bayan haka aka yi yayin robar kamfanin Benotto mai sheƙi da santsi, sannan a shekarun 1980 kamfanin Cinelli na birnin Milan ya fito da tef mai laushi wanda aka gauraya da ɓawon itacen kwak, irin wanda ake yin murfin kwalba da shi, kuma daga shi ne tef mai kauri na yau ya samo hanya. Na zamani yakan kai milimita 2.5 zuwa 3, wanda yake da daɗi a hannu idan shimfiɗa ɗaya ce. To amma saƙar launi biyu tana rufe kowane wuri da shimfiɗa biyu, don haka wanda ya gwada ta da tef na zamani zai tashi da kan keke mai kaurin taɓarya, gidajen kuma su kumbura su rasa kaifin kusurwa. Ƙyallen auduga kaɗai ne yake kwanciya lif. Biyu ne suka fi suna a yanzu, wato Tressostar na kamfanin Velox na Faransa da Newbaum's na Amurka, dukansu faɗinsu bai wuce santimita 2 ba, kuma bayansu yana da danƙo. Na sa wani abokina da yake dawowa daga tafiya ya riƙo mini ƙunshi huɗu, ja biyu fari biyu, domin kowane ɓangare na kan keken yana cin ƙunshi ɗaya na kowane launi.

Yadda gidajen suke fitowa abu ne na lissafi, kuma sai da na fahimce shi hannuna ya daidaita. Ana kafa bakin ƙyallen biyu a ƙarshen ƙarfen, a bar ɗan saura da za a cusa cikin ramin a danne da toshi, sannan ja ya zagaya ta dama, fari ya zagaya ta hagu. Tunda sun saɓa hanya, dole su haɗu sau biyu a kowane zagaye, sau ɗaya a saman ƙarfen, sau ɗaya a ƙarƙashinsa. Idan mutum ya tsayar da doka cewa a sama ja ne yake hawa kan fari, a ƙasa kuwa fari ne yake hawa kan ja, kuma bai karya dokar ko sau ɗaya ba, zai ga jajayen gidaje sun jeru a sama kamar ƙwayoyin carbi, fararen kusurwoyi suna shigowa tsakaninsu daga gefe biyu, wanda ya leƙa ta ƙasa kuma ya ga akasin haka. Wannan bai bambanta da abin da dukawa suke yi ba idan suna saƙa tsagin fata a jikin bulala ko mariƙin takobi, sai dai su igiyoyinsu sun fi yawa kuma sun fi siranta.

Girman gidan ba zaɓin mai naɗi ba ne kamar yadda na zata. Kaurin ƙarfen a wurin riƙo milimita 23.8 ne a yawancin kekunan tsere, wato zagayensa kusan santimita 7.5, faɗin ƙyalle kuma kusan santimita 2. Waɗannan biyun ne suke yanke hukunci. Idan ka karkata ƙyallen da yawa don gidan ya yi tsawo, ƙarfe zai leƙo ta tsakani, idan kuma ka matse zagayen suna hawa juna sosai, gidan zai tsuke ya koma siriri, ƙyallen kuma ya ƙare kafin ka kai tsakiya. Filin da ya rage wa mai naɗi 'yan milimita ne kawai, kuma a cikinsu ake gane gwani.

Gwajina na farko ya lalace, kuma ba wani ne ya lalata shi ba. Na fara da ƙarfin gwiwa bayan sallar la'asar, ban ja layi ba, ban auna komai ba, na dogara da ido. A miƙaƙƙen wurin da yake ƙasa komai ya tafi daidai, gida shida sun fito kamar a hoto. Da na shiga lanƙwasa sai mahaɗar ƙyallen ta fara zamewa gefe kaɗan-kaɗan ba tare da na lura ba, domin hannun damana ya fi na hagu jan ƙyalle, har ya zama jerin da ya fara a saman ƙarfe ya murɗe ya koma cikin keken kafin in iso burki. A naɗin launi ɗaya babu mai ganin irin wannan kuskure, amma ja da fari ba sa rufa asiri, ko daga ƙofar gida ana hango karkatar. Na warware, danƙon ya tsinto zaren jan ya manna a jikin farin, sai da na yanke wajen kamu ɗaya na zubar. Washegari na ɗauki alƙalamin maka na ja layi ɗaya a bayan ƙarfen tun daga baki har tsakiya, na ja wani a cikinsa daidai kishiyar na farko, na ƙudura cewa kowace mahaɗa sai ta faɗa a kan layi ko da zan ɗaga ƙyallen sau uku. Na kuma naɗe ragowar kowane launi na ɗaure da roba, ina saki kaɗan-kaɗan, don kada su yi ta lilo suna manne wa juna.

Lanƙwasa ita ce wurin da aikin yake da wuya na gaske, saboda bayanta ya fi cikinta tsawo, alhali adadin zagayen ɗaya ne. Dole gidajen waje su ɗan buɗe, na ciki su matsu, kuma ƙyallen auduga ba ya miƙewa kamar roba, sai an ja shi da ƙarfi ana lallashinsa da babban yatsa kafin ya kwanta ba tare da tattara ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne in sa ido a kan gidajen waje kaɗai, in tabbatar gefen ƙyalle ya rufe gefen na baya da ɗan kaɗan, in bar na ciki su hau juna yadda suka ga dama, tunda yatsu ne suke rufe su. Wurin burki kuwa ban yi jayayya da shi ba. Na ɗage robar da take rufe gindinsa, na yanke ƙyallen biyu a nan na ɓoye bakinsu, na sake kafa sabuwar saƙa daga samansa. Akwai masu zagaye burkin ba tare da yanka ba, kuma na jinjina musu, amma idan an mayar da robar babu mai iya bambance nawa da nasu. Abin da ido yake kamawa nan take shi ne idan dama da hagu ba su yi daidai ba, shi ya sa na ƙirga gidajen ɓangaren farko, na tilasta wa na biyu ya fito da adadin, launin da yake sama a nan shi ne a sama a can.

A tsakiya, inda naɗin yake ƙarewa, ban sa baƙin tef ɗin masu gyaran wuta ba, domin zai zama kamar an ɗinka wa babbar riga facin leda. Na bi hanyar da Grant Petersen, wanda ya kafa kamfanin kekuna na Rivendell Bicycle Works a jihar Kalifoniya a 1994, ya yi fice wajen yayatawa, wato a ɗaure bakin da siririyar igiyar rama zagaye kusa da zagaye, a ja wutsiyarta ta shige ƙarƙashi, sannan a shafe komai da shalak. Shalak ƙaro ne da wani ƙaramin ƙwaro yake fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana narkar da shi a sifirit, kuma tun da daɗewa masu kekunan doguwar tafiya a Faransa suke shafa shi a ƙyallen auduga don ya hana ruwa da gumi shiga. A ƙasarmu ta ƙura da zufa, farin ƙyalle ba zai yi sati biyu yana fari ba in babu shi.

Sai dai shalak yana canza launi, kuma wannan ne ya sa nake ganin bai kamata a zaɓi launuka ba sai an yanke shawarar wane iri za a shafa. Mai ruwan zuma yana mayar da fari ya koma kalar fatar da aka jeme, ja ya yi duhu, shuɗi kuma ya karkata zuwa kore, don haka launuka biyu da suka bambanta sarai a ƙunshi suna iya kusantar juna bayan shafi, wahalar saƙar ta tafi a banza. Na gwada a kan guntayen da na yanke, na ga mai ruwan zuma ya ɗauke wa farin haskensa fiye da yadda nake so, sai na koma ga marar launi. Na yi shafi uku da ƙaramin buroshi, ina barin kowane ya bushe, kuma da yake lokacin hunturu ne bai ɗauki lokaci ba. A nan na tsaya, domin idan shafin ya yi yawa ƙyallen yakan koma sumul kamar tangaran, hannu mai gumi ya riƙa zamewa.

Ba zan ce wa kowa wannan naɗi ya fi tef na zamani daɗin riƙo ba. Shimfiɗa biyu ta auduga ta fi ɗaya sauƙi a hannu, amma a kan hanya mai gargada girgiza tana isa gwiwar hannu, kuma in tafiyar ta wuce awa biyu nakan sa safar hannu. Shekara biyu ke nan saƙar tana nan, na ƙara mata shafi sau ɗaya bayan damina, wurin da tafin hannuna yake yawan zama ya yi duhu ya kuma yi sheƙi. A ɓangaren hagu, gida na huɗu daga burki ya fi 'yan uwansa faɗi kaɗan, kuma har yau duk sa'ad da na hau keken a nan idona yake fara sauka.