Kwamfuresa ba ta mutuwa haka kawai

Da an shiga Maris zuwa Afrilu a Kano, zafi ya haura 40, wayata ba ta hutawa. Mai otal, mai ɗakin biki, manajan banki, duk magana ɗaya ce, Injiniya babbar esin nan ta saman bene tana tashi tana mutuwa, turo yaro ya ƙara mata gas. Wallahi wannan ɗabi'a ta ɗura gas ba bincike ta ƙona kwamfuresa ba adadi a garin nan.

Kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas yana zagayawa cikin esi, in ta tsaya yawanci ba lalacewa ta yi ba, makunnin kariya ne ya yanke ta don kar ta ƙone, aikinmu mu gano me ya tsorata shi. Ni in na hau rufi, koyil ɗin waje, wato bututun da ke fitar da zafin gas, nake fara dubawa. Ƙurar hunturu ta wata uku ta like a jikinsa, iska ba ta ratsawa, ga rana tana dukan kankare tun safe, zafin gas ya rasa mafita sai firesha ta hau, makunni ya yanke. To wanda ya zo ya ƙara gas a nan me ya yi? Ya zuba fetur a wuta ne. Wanki koyil ɗin yake so, da ruwa daga ciki zuwa waje, a hankali ba da ƙarfin da zai lanƙwasa siraran fikafikan nan ba. Sai fanka, wani lokaci kapasito, ɗan abin da ke taimaka wa motarta juyawa, shi ne kawai ya kumbura, tana juyawa da kyar.

Maigidana da na koyi aiki a hannunsa, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa geji, ma'aunin firesha, sai ya iya karanta inji da hannu da kunne. Ka taɓa babban bututu, ya kamata ka ji sanyi yana gumi, ka taɓa ƙaramin ka ji ɗumi, ka saurari ƙarar tashi. Mu a lokacin gani muke wahalar da mu yake, muna tsaye a rana takalmi na neman narkewa. Yau haka nake yi wa yarana, kuma da shi muke cin abinci.

Sai matsalar wuta, wadda ita ce tamu ta gida. Waɗannan manyan injina layi uku suke ci, bolt 415, in layi ɗaya ya faɗi ko wuta ta yi ƙasa sai kwamfuresa ta ja amfiya, wato wuta, fiye da ƙima ta yi zafi ta kwanta. Akwai kuma inda mai wayarin janareta ya juya layi biyu, irin kwamfuresar nan ta sukurol sai ta riƙa juyawa da baya, ga ƙara mai muni, geji ko motsi babu. Shi ya sa duk injin da ya bi ta hannunmu sai mun sa masa na'urar gadin layi da mai jinkirin minti 3 zuwa 5, don in an canza zuwa janareta kar ta tashi firesha ba ta daidaita ba. Kwantakta ma, makunnin da ke ba kwamfuresa wuta, muna buɗe ta mu ga ko bakinta ya cinye.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu aikin araha. Mutum ya zo ya haɗe wayoyin makunnin kariya don kar ya ƙara yankewa, inji ya tashi, ya karɓi kuɗi ya sauka, Alhaji yana murna an gyara masa da rabin farashina. Bayan sati biyu kwamfuresa ta ƙone ƙurmus, sai kuma a kira mu ana cewa a rage wani abu. Ga gas na jabu a kasuwa, tulu mai kyau abin ciki Allah kaɗai ya sani, ga masu zuba gas ɗin R22 a injin da ke cin gas ɗin R410A alhali ko man kwamfuresarsu ba iri ɗaya ba ne.

In da gaske gas ya ragu to yoyo ne, ba ya ƙarewa da kansa. Mukan matsa naitirojin, mu bi da kumfar sabulu har mu kama wurin, mu yi walda, mu zuƙe iska da fam har maikuron 500 a ma'aunin zuƙar iska, sannan mu auna gas a sikeli daidai da abin da aka rubuta a jikin injin. Filta da ta toshe ko bel da ya saki ma suna sa ƙanƙara ta kama koyil ɗin ciki ta yanke, wannan ba ruwansa da gas.

Ya kamata mai irin wannan inji ya kira mu tun Fabrairu mu yi masa sabis, don in bazara ta kankama layi ake bi.