Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Kushewa Ba Ta Hira

Makon jiya na tsaya a kan masu cewa gidanmu baƙi ne a Sakkwato. Kafin in ba su amsa, bari in nuna yadda ake tono asali, don Goggo ta sha faɗa cewa kushewa ba ta hira.

Fara da tsofaffin mata, su ke riƙe da wa ya auri wa. Je da goro da turare, kunna rikodar waya bayan ka nemi izini, kada zaman ya wuce awa ɗaya. Kowace ka same ta ita kaɗai. In ka haɗa biyu, ƙaramar za ta bi bakin babbar. Alkunya ce ke ɓata aiki: tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗan farinta ba, sai ka nema wajen ƙanwar mijin. Rubuta sunan yanka, laƙabi, unguwa da sana'a, domin jika na cin sunan kaka, Muhammadu uku sai su zame maka mutum ɗaya.

Kada ka tambayi shekara, tambayi zamani. Kafin shigowar Turawa a 1903 ne, ko bayan yaƙin Satiru na 1906? Zamanin Sarkin Musulmi Hassan ne, 1931 zuwa 1938, ko na Abubakar na Uku? Nasa ya kai 1988, shekara hamsin, don haka sai ka ƙara da wata alama, kamar canjin kuɗi zuwa naira a 1973.

Buɗe gafakar malamin gidan. A bangon littattafai ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami ko Larabci. Don mayar da shekarar Hijira da ke ciki zuwa ta Miladiyya, ninka ta da 0.97, ƙara 622: 1321 za ta ba ka 1903. Ɗauki hoto kawai, tsohuwar takarda karyewa take. Ga kuma takardun rabon gado na kotun alƙali. Sai ka gama da gida sannan ka nufi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Kirarin maroƙi kuwa, ji shi amma auna shi. A bakinsa kowa Batoranke ne, wato dangin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, muddin ya yi kyauta. Gafakarmu ma wani ɗan uwa ya bari gara ta cinye rabinta, shi ne yau ya fi kowa baki. Kushewa ba ta hira, in ji Goggo. Mako mai zuwa zan kawo abin da ya rage a rabin.