Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Abin da Ake Shafa wa Fata Bayan Rini

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya yarda in fara taɓa rini. Masu tambayar labarin aurena na fari ku ƙara haƙuri, akwai maganar da ta tsaya mini a rai, sai na sauke ta tukuna.

A gidanmu na dukanci da ke Gangare a Jos ba a taɓa faɗa a kan rini ba. Ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau, kowane ɗan baduku ya san wannan. Fatar jan akuyar Sakkwato kuwa, wadda aka jeme da bagaruwa, Kawu ne yake saro mana daga Kano. Abin da ya raba gidan biyu shi ne me za a shafa idan rinin ya bushe.

Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya ɗaukar tsumma sai ya ce, "Ku tambayi inda za ta kwana." Gafakar malam da za ta rataye a zaure, guga ce kawai da gindin kwalba har ta yi sheƙi. Kube da linzami da za su sha rana da gumin doki, man kaɗe kaɗan, a bari ya shige, sannan kakin zuma. Jakar mata ita ce mai wuyar sha'ani, domin karan dafi yana zuba, kuma da farin leshi za ta riƙa gogayya a gidan biki. Sai ya sa ni in yi ta murza ta da farin ƙyalle har ya daina ɗaukar ja, hannuna ya sage, kafin ya yarda kaki ya hau. Korino kuma, wato fatar da aka rina kore, ba ya bari mai ya kusance shi, don mai yana duhunta launi, koren ya mutu. Man gyaɗa idan ya yi yawa wari yake yi, ya kira ɓera.

Jos ba Kano ba ce. A watan Agusta jaka mai maiƙo takan yi fumfuna a rataye, hunturun Disamba kuma ya busar da wadda aka hana mai har ta tsage.

Sai Yaya, babban ɗan Kawu, ya dawo daga Legas da gwangwanin feshi irin na kafintoci. Gaskiya yana ƙyalli. Turawan da suke zuwa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, nasa suke fara ɗagawa, shi kuma ya dubi Baba a gaban yara ya ce, "Baba, zamani ya wuce kwalba." Baba ya ce masa ya tambayi inda za ta kwana. Dariya ya yi.

Wata Hajiya mai shago a Abuja ta ɗauki lodin timtim, duk feshin Yaya. Timtim abin zama ne, kullum a lanƙwashe yake, feshin kuma ba ya lanƙwasuwa. Damina ba ta fita ba aka dawo da su, sun tsattsage suna ɓarewa. Yaya ya ce wa Kawu ni na shafa mai a ƙasa, shi ya hana feshin kamawa. Wallahi ɗinki kawai na yi wa kayan nan. Baba ya san haka, amma don zumunci ya yi shiru, aka cire asarar daga kuɗin da nake tarawa na sayen keken ɗinki. Inna ce kaɗai ta yi magana, aka ce mata ba huruminta ba ne. Na yafe wa Baba tun yana raye. Shagonmu ma ya tafi a gobarar kasuwar Taminus ta 2002, har da littafin da aka rubuta bashin, amma ni ban manta ba.

Kada wani ya ce ina ƙin sabon abu. Yau jakar mata ruwan akirilik nake sa mata, fari kamar madara, wani yaro da ya yi makarantar fata ta Samaru a Zariya ya nuna mini. Rabi shi rabi ruwa, da soso mai danshi, shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Da damina sai ya kwana. Yana tsare rini, yana bin fata idan ta lanƙwashe, sai dai in ya hau, mai ba ya ƙara shiga fatar sosai, don haka ba na sa wa linzami. Kafin komai nakan gwada a guntun fata, kuma har yanzu sai na tambayi mai kaya inda za ta kwana. Yarana sun gaji da jin tambayar nan.

Yaya yana Abuja yanzu. A bikin 'yarsa na ji shi da kunnena yana gaya wa surukai shi ya kawo wa gidanmu ci gaba, kuma timtim ɗin da suke zaune a kai nawa ne, na kaki, wanda matarsa ta aiko aka saya a ɓoye. Mako mai zuwa in sha Allahu za mu shiga maganar auren.