Yadda muka samu kwalbati a bakin rafinmu

Daren da aka ɗauko matar maƙwabcina a kan ƙyauren ɗaki aka tsallaka rafi da ita tana naƙuda, ni na riƙe fitila. Ruwa ya kai mana ƙugu, maza huɗu na ɗauke da ita, mai mota kuma yana tsaye a wancan ƙetaren don ba shi da ta inda zai shigo. Allah ya sauke ta lafiya a asibitin cikin gari. Da muka dawo da asuba babu mai cewa uffan a cikinmu, domin kowa ya san da ruwan ya ƙaru kaɗan da wani labarin ake yi. Tsohon kwalbatin da ke kan hanyar shiga ƙauyenmu ya daɗe da karyewa, kuma duk damina haka muke fama: yara su daina zuwa sakandare, taki ya maƙale a ƙetare, mai sayen amfanin gona ya ƙi shigowa.

Bayan kwana biyu dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa, aka kafa kwamiti. Ni malamin firamare ne, shi ya sa aka ce in riƙe alƙalami. Dagaci ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne sakatare. Abin da aka faɗa a nan ka rubuta, kada iska ta kwashe." Na ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa." A ranar na ɗauka aikin bai wuce rubuta wasiƙa ɗaya ba.

Wasiƙar farko da na rubuta shafi uku ce. Na zuba kwalbati, na zuba rufin asibitin sha-ka-tafi, na zuba rijiyar burtsatse, da kujerun makaranta, da rumfunan kasuwa. Duk wanda ya ji ana rubuta takarda sai ya zo ya ce a saka tasa matsalar, ni kuwa ina jin nauyin in hana. Muka miƙa wa kansilanmu hannu da hannu a wurin wani taron suna, ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce in sha Allahu. Ban ajiye kwafi ba. Wata biyar muna jira. Da na gaji na hau babur na tafi sakatariyar ƙaramar hukuma da kaina, sai na tarar babu inda aka san da takardarmu.

Wani dattijon akawu a ofishin rajista shi ya buɗe mini ido. Yana zaune a bayan tebur, fayiloli ɗaure da igiya sun kewaye shi har ƙasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni lambar fayil. Na ce babu. Ya tambayi kwafin da aka buga wa hatimi. Na ce babu. Ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, to ai ba ku rubuto ba tukuna." Ya jawo wata takarda ya nuna mini yadda ake yi. A rubuta zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, a bi ta hannun hakimi, a aika wa kansila da shugaban sashen ayyuka kwafi. A kawo biyu, ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ya mayar mini. Magana ɗaya a takarda ɗaya, domin fayil sashe ɗaya ake tura shi. Takardar da ta haɗa asibiti da hanya da makaranta ba ta da teburin sauka, sai ta yi ta yawo har ta ɓace. Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ya fi tsaya mini a rai. Ya ce mun zo neman aiki a tsakiyar shekara, alhali kasafin kuɗi daga Janairu zuwa Disamba yake tafiya, kuma a watannin ƙarshen shekara ake tsara na baɗi. Aikin da bai shiga kasafi ba, ko ciyaman yana so, da wuya ma'aji ya fitar masa da kuɗi.

Mu mutanen ƙauye sai ruwa ya ci mu muke tunawa da kwalbati, wato a Yuli da Agusta. Kaka na yi, rafi ya janye, kowa ya koma kan amfanin gonarsa, magana ta mutu. Ashe daidai lokacin da muke yin shiru, shi ne lokacin da ake raba abin da za a yi.

Na dawo gida na nemi kundin tsarin mulki na 1999 na karanta abin da ya shafe mu. Sashe na 7 ya tabbatar da ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun shugabanni, Jadawali na Huɗu kuma ya jera ayyukansu: gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan su sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Ganin kalmar magudanan ruwa a rubuce ya sauya yadda nake magana a ofis. Da ina shiga kamar mai roƙon alfarma. Daga nan na koma ina gaisuwa da ladabi yadda aka saba, amma ina faɗin buƙatarmu a matsayin aikin da doka ta ɗora musu. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, kuma kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya nasu ne. Tun gyaran 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, wato hukumomin gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna, manufar ita ce gwamnati ta matso kusa da talaka. Ƙauye irin namu shi ne wurin da ake gane ko ta matso.

Ban ɗora wa ma'aikatan laifin komai ba, don na ga nasu ƙuncin. A lokacin da muke wannan zirga-zirga, kuɗin ƙaramar hukuma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, wanda sashe na 162 ya tanada, kuma sau da yawa amsar da ake ba mu ita ce bayan albashi abin da ya rage ba shi da yawa, aikin ma sai an sa hannu daga sama. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce kantomomin riƙo ba sa tsayawa a madadin zaɓaɓɓu. Na ji daɗin hukuncin ƙwarai. Ya ba ɗan ƙauye ƙafar tsayawa ya tambayi ciyaman nawa ya shigo, ina aka kai shi.

Takarda ta biyu rabin shafi ce, kwalbati kaɗai. Na haɗa da hotuna uku da wani ɗalibina ya ɗauka da waya ranar da rafi ya cika, da jerin ƙauyukan da ke bin hanyar. A nan ne na gane wani kuskurenmu. Mun ɗauka hanyar tamu ce mu kaɗai, alhali ƙauyuka biyu na bayanmu da rugar Fulani duk ta nan suke fita. Ba mu gayyace su zaman farko ba, kuma sun ji haushi. Dagaci da kansa ya ce a je a ba su haƙuri. Na raka wakilinsa wurin arɗo, muka zauna a kan tabarma har la'asar. Arɗo ya ce, "Mu da shanunmu muna tsallakawa ko babu kwalbati, amma matanmu masu kai nono kasuwa su ke shan wuya. Ku rubuta da mu." Da sa hannun masu unguwanni na ƙauyuka uku da na arɗo, takardar ta zama ta mazaɓa guda. Hakimi ya rubuta nasa bayanin a kai, muka kai ta rajista a farkon Oktoba, aka buga hatimi, na sa kwafin a leda na ajiye a cikin akwatina.

Kansila ya ɗan yi fushi da ya ji mun bi ta rajista, yana ganin an tsallake shi. Wasu samarinmu kuma suka so su ɗauki bidiyo su zage shi a Facebook. Na hana su iya ƙarfina, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Kansila shi ke zama a majalisar da ke duba kasafi; idan muka kunyata shi a bainar jama'a, mun rasa bakin da zai yi mana magana a ɗakin da ba ma shiga. Muka je gidansa da dattawa biyu, na ba shi kwafinsa na ce, "Honarabul, takardar taka ce, mu mun share maka hanya ne kawai." Daga ranar shi ke kirana ya gaya mini inda fayil ya kwana.

Abin da ya fi ba ni wuya a duk aikin nan a cikin gida yake. Shugaban sashen ayyuka ya gaya mana gaskiya cewa garin da ya nuna ya fara nasa ƙoƙarin shi ake saurin dubawa, don haka muka yanke za mu kawo yashi da tsakuwa da marmara, mu yi cikon hanya da aikin gayya, hukuma ta kawo siminti da rodi da magina. Wannan na buƙatar karo-karo don kuɗin tifa. Aka fara tarawa, sai aka tsaya cak. Mutane suna gaisawa da ni lafiya lau, amma babu mai bayarwa. Wata tsohuwa ce ta fito mini fili. Ta same ni a ƙofar makaranta, ta kwance haɓar zanenta ta fito da kuɗinta a nannaɗe, ta riƙe ba ta miƙo ba. Ta ce, "Malam, an taɓa tara na rijiya a garin nan, rijiya ba mu gani ba, kuɗi ba mu gani ba. Wannan in na ba ka, wa zai gaya mini inda ya shiga?" Na ce, "Inna, ni zan gaya miki, a gaban kowa."

A daren na je wurin dagaci muka sake tsari. Kuɗi ya bar hannuna gaba ɗaya: ni rubutu, wani dattijo ajiya, liman shaida, kuma ba a fitar da ko sisi sai mu uku mun sa hannu. Muka sayi littafin rasit. Duk Juma'a bayan an sauko ina tsayawa in karanta sunan wanda ya bayar da abin da ya bayar, da abin da aka kashe, sannan in manna takardar a bangon ƙofar dagaci. Da yake mata ba sa wurin, muka sa mata biyu a kwamiti, su ke kai lissafin gida-gida da islamiyyar matan aure. Da tun farko muka sa su, da ba a yi wannan tsaikon ba, domin daga baya abin da ya fito daga hannun mata, na adashi da na 'yan sana'o'in cikin gida, shi ya biya tifar ƙarshe. Mako na uku da fara karanta lissafi, mutanen da suka noƙe suka fara zuwa da kansu. Wani ma ya tsayar da ni ya ce na yi kuskure a jimla, aka sake ƙirgawa, aka tarar shi ke da gaskiya, na gyara a gabansa. Wannan gyaran ya ƙara mana yarda fiye da duk jawabin da na taɓa yi.

Aikin ya shiga kasafi, amma kuɗi bai fito ba sai da rani ya yi nisa. Tsakanin nan na je sakatariya ya fi sau goma. Zuwa da kai ya fi aike. Na koyi zuwa da sassafe a farkon mako, in gaida masinja da akawu kafin in nemi manya, in rubuta a littafina wanda na gani da abin da ya ce.

Ranar da injiniya ya zo awo, ya auna faɗin tsohon kwalbatin zai mayar da irinsa. Wani tsoho da gonarsa ke bakin rafin ya ja shi zuwa gindin wata tsamiya, ya nuna masa tabon da ruwa ke bari a jikinta duk shekara, sama da kafaɗar mutum. Ya ce, "Yallaɓai, na da ɗin ma ƙanƙanta ce ta kashe shi. Ruwa ya rasa hanya ya bi ta gefe ya cinye ƙasar." Injiniyan ya tsaya ya duba, ya sake awo, ya mayar da shi mai baki biyu da katangar kare gefe. Na yaba masa da ya saurara. Da aka fara zuba kankare muka sa samari biyu suna ƙirga buhunan siminti da ke shiga, ba tare da an ci wa kowa fuska ba. Injiniya ya ce a riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma kada mota mai nauyi ta hau sai ya cika kwana 28. Yara 'yan makaranta da bokitai su suka yi ban ruwan, muka gindaya itace a hanya har kwanakin suka cika, duk da wani direban tifa ya so ya yi mana gardama.

Ranar gayyar ciko mutanen ƙauyukan bayanmu suka zo da amalanke, Fulani suka zo da samarinsu, aka yi ta zuba marmara ana daɓewa tun hantsi har rana ta faɗi. Maƙwabcina da aka ɗauki matarsa a kan ƙyaure shi ya fi kowa daɗewa da shebur a hannu.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da dare. Da asuba na tafi bakin rafin na tarar dagaci ya riga ni, yana tsaye da sandarsa yana kallon ruwa na wucewa ta ƙasa. Karan dawa da leda sun fara taruwa a baki ɗaya, ya sa aka kira samari suka kwashe, aka kuma raba wa unguwanni makon da kowacce za ta riƙa sharewa har ƙarshen damina. Takardar rufin asibiti tana cikin akwatina, rabin shafi, kwafi biyu, da sa hannun masu unguwanni. Oktoba na kamawa zan kai ta rajista.